Direba Pyo, Mai Gane Dutse Daga Gindinsa

Kowace Asabar, kafin mu 'yan ƙungiyar hawan dutse mu iso, Pyo Man-sik ya riga ya share bas ɗinsa, ya cika butar shayin sha'ir. Shekara talatin da ɗaya yana kai mu gandayen daji na ƙasa, amma bai taɓa hawa dutse ko ɗaya ba, gwiwa ta hana shi. A gindin dutse yake jira. In mun sauko mu ishe shi da hotuna, shi kuma ya share taɓon da muka kwaso. Da haka ya haddace Koriya. Nuna masa hoto ka rufe rubutun, zai ce, "Wannan mai haƙora Seoraksan ne. Wancan mai faɗin baya kamar saniya a kwance, Jirisan." Mun sha ɗana masa tarko, mu muke jin kunya.

Ni dai wasa na ɗauki abin, sai hunturun bara. Dattijo Eom, ɗan ƙungiyarmu mai ciwon sukari, ya ce wa matarsa zai ɗan taka dutsen Bukhansan, nan bayan Seoul. Da hantsi ya turo mata hotonsa, daga nan waya ta mutu. Masu ceto suna ta ƙwala masa kira a Bukhansan, ga dusar ƙanƙara ta fara sauka. Matar ta kira ni tana kuka, ta turo min hoton, na tura wa Pyo.

Ko minti ba a yi ba ya bugo. "Yaya, wa ya ce Bukhansan ne?"

"Shi da bakinsa."

"To tsohon nan ya yi wa matarsa wayo. Bukhansan fari ne sumul kamar sanƙona. Dubi bayan kafaɗarsa, baƙaƙen duwatsu a tsaye kamar ginshiƙai. Mudeungsan ne, can Gwangju, garinsu."

"Direba, in ka yi kuskure fa?"

"Ki ƙwace lasisina. Kira masu ceto!"

Kafin faɗuwar rana masu ceton Gwangju suka same shi gefen hanya, ƙafa a karye, sanyi ya ratsa shi, amma da ransa. Ashe likita ne ya hana shi tafiya mai nisa, kewar dutsen da ya taso a gindinsa ta sa ya sulale ya hau jirgin ƙasa. Ranar na yi kuka, ban ɓoye ba.

Direba Pyo, kai ne mai ganin abin da mu masu hawan muke takawa mu wuce. Matasa, ku koyi duban abin da aikinku ya ajiye a gabanku, ko taɓon takalmi ne.

Ranar Asabar za ka yi ritaya, ka miƙa makullin bas a Seoraksan. Mun tanadar maka kujera a motar igiya mai hawa sama, kuma Dattijo Eom ya rantse shi da sandarsa ne za su zauna kusa da kai. Mun gode, Direba. Hau ka gani da idonka, mu za mu share bas ɗin.