Dariyar da Na Yanke

Kafin in lalace, ni mai gyaran rediyo ne a Fagge, kuma Allah ya ba ni kunne. Daga ƙarar sifika nake gane abin da ke damunta. Da soja suka koma bariki, kwamfuta ta fara yawa a gari, sai na koma wani shago a Sabon Gari na koyi sauke waƙa daga faifan CD. Hanya biyu ce. Akwai WAV, wadda ke ɗauko sautin cif, ko numfashin mawaƙi ba ta bari, amma tana cinye wuri. Akwai MP3, wadda ake matse waƙa a zubar da wani abu daga cikinta don ta ƙanƙance.

Da farko abokai nake kwafar wa faifai ɗaya-ɗaya. Sannan masu talla a shataletalen Bata suka ce in cusa musu waƙoƙi rututu a faifai guda. Na matse, na ƙara matsewa, har kalangu ya koma kamar ana dukan bokiti. Kunnena yana jin ƙazantar, ina toshe shi. Tir da ni.

Ana nan sai Baba Lasisi ya zo, wani dattijo Bayarabe mai sayar da atamfa, maƙwabcinmu tun ina yaro. Ya kwance faifai daga cikin hankici. Na marigayiya matarsa ne, mai waƙa a wajen biki da suna, kuma sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarta.

"Ɗana, ya fara karcewa," in ji shi. "An ce kai ka iya cire shi ba abin da zai ragu."

"Baba, ko tari ta yi za ka ji shi," na ce.

Na sauke shi a WAV, tsaf. Da na saurara na ji murya ce da kasuwa za ta so. Sai na matse ta, na datse shirun da ke tsakanin waƙoƙi da 'yan maganganun da ke ƙarshensu, na buga na watsa wa masu talla. Kwamfuta ta cika, na goge WAV ɗin ba tare da ko ɗar ba. Shi kuwa Baba na miƙa masa irin na kasuwa, na riƙe na asalin wai ina gyara masa karcen.

Washegari ya dawo.

"Ina dariyar?"

"Wace dariya, Baba?"

"Bayan waƙa ta uku ta yi kuskure, ta yi dariya, ta kira sunana. Ita nake saurara, ba waƙar ba."

Na dubi tsabar idon dattijon nan na ce injinsa ne ba shi da kyau, ya dawo gobe ya karɓi na asalin. Goben nan na yi ta ja masa ita, don ina so in sake buga wasu, har ranar da jami'an hana satar fasaha suka dira shagon. Suka kwashe kwamfuta da buhunan faifai, aka tara aka cinna musu wuta. Na Baba yana ciki.

Kotu ta tura ni gidan yari. Kwarkwata da warin bokitin bahaya ba su taɓa tayar mini da zuciya kamar yadda tuna kaina ke yi ba.

Da na fito, na bi masu talla ina neman waƙar. Na same ta, amma duk kwafin da ke Kano daga nawa ya fito, yankakke. Na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

"Na yafe maka," ya ce. "Amma ka san na fara manta yadda take dariya?"

Na tuba, na koma gyaran rediyona. Ku samari masu kwamfuta da waya, kada ku ce ai kwafi ne kawai, ba a ɗauke wa kowa komai ba. Ni ma haka na ce. In an ba ku amanar murya, ku sauke ta cikakkiya, ku mayar wa mai ita da abinsa a ranar. Baba Lasisi ya rasu bai sake jin matarsa ta kira sunansa ba, kuma da yatsan nan nawa na goge.