Kalmar da ta mai da Mama bencin baya

Ai ni tun da na gane wannan abu bakina bai huta ba! Duk matar da na gani tana fifita da bakin zane alhali gari ya yi sanyi, sai in ji kamar in je in riƙe hannunta in ce mata na sani, Allah kuwa na sani. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, ko da yake ban yi boko mai nisa ba. A firamare na tsaya, sauran karatun da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi na koya wa kaina. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni budurwa ce a Kafanchan, ban daɗe da yin baftisma ba, kaina cike da ayoyi, ina ganin kamar ni aka bar wa tsaron ƙofar sama. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yakan yi kwanaki a hanya. Mamana tana sayar da citta a kasuwa, kuma ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. A gida yarenmu muke yi. Hausa kuwa a coci da kasuwa na tsince ta. Ku riƙe wannan, don a nan na faɗi.

Har yanzu in na rufe ido ina ganinta. Safiyar Lahadi, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsun Kagoro kamar auduga, mata sun jeru da zane iri ɗaya, ana buga tulu a hankali, sai muryar Mama ta tashi ita kaɗai, siririya, ta yi sama ta tsaya can, kafin sauran su amsa. Ina ƙarama nakan ɗauka muryar ce take ɗaga gajimaren daga kan dutse.

A daminar nan ne ta fara sauyawa. Ana tsakiyar wa'azi sai in ga zufa ta karyo mata daga wuya zuwa fuska, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, can sai ta miƙe ta fita waje. Ranar nan tana cikin ba da waƙar da ta fi shekara ashirin tana rerawa, baiti ya ɓace mata, ta tsaya baki buɗe, masu tulu suna ta bugu su kaɗai. Barci ya ƙaurace mata. Kafin gari ya gama wayewa ta ɗauki ƙwarya ta tafi rafi, ta dawo jikinta jiƙe. Rafin nan kuwa ta gefen kurmin da kakanninmu suke tsafi ya bi. Ta fara jiƙa wasu saiwoyi a tukunya bayan ɗaki. Takan daka mini tsawa a kan gishirin miya, in juyo in same ta tana share hawaye. Ni kuma ina kallo, ina tara abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, ban taɓa tambayarta me ke damunta ba.

Akwai wata Bahaushiya Musulma mai man gyaɗa da rumfarta take jikin ta Mama, mun taso muna ce mata Goggo. Wata rana na kai wa Mama abinci kasuwa, na tsaya bayan buhunan citta, sai na ji ta rage murya tana gaya wa Goggo wai al'ada ta bar ta wata da watanni har ta zaci sun rabu ke nan, sai ga shi ta dawo mata da ƙarfi, ba ta san yadda za ta yi ba, kuma ba ta so baban yara ya sani. Goggo ta ce mata ta yi haƙuri, haka take yi wa kowa, sai ta yi ta kai da komowa kafin ta saki mutum. Ni a duk rayuwata daga bakin mai wa'azi kawai na san kalmar nan. Ku bar al'ada, kada ku koma ga al'ada, wane ya koma al'ada ya yanka kaza a kurmi. Abin da mata suke gani wata-wata muna da sunansa a yarenmu, kuma ko shi ba a faɗarsa da ƙarfi. Nan take komai ya haɗu mini: rafin, saiwoyin, zufar da ke korar ta daga gaban Maganar Allah.

Na yi kuka, na yi addu'a, sannan na tafi wurin dattijon da ya koyar da mu a ajin baftisma na gaya masa duka. Allah ya sani, a tunanina ceton ranta nake yi. Ran Lahadi bayan sujada dattawan ekklisiya suka kira ta. Baba yana hanya. Ni ina waje gindin mangwaro kusa da taga ina jin komai. Suka tambaye ta ko gaskiya ne ta faɗa da bakinta a kasuwa cewa al'ada ta dawo mata. Sai ta ce e, ta faɗa. Suka ce to ta yi musu bayani. Na leƙa na ga tana duban fuskokinsu, maza zalla, ɗaya daga cikinsu ma yayan Babana ne, wanda ko sunansa ba ta faɗa don kunya. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta da abin ƙarawa. Daidai lokacin zufar nan ta karyo mata, wani dattijo ya ce kun gani, lamirinta ne yake ƙona ta. Suka sa ta a horo. Ba jibin Ubangiji, ba waƙa, zama kuma a bencin baya kusa da ƙofa.

Makonnin da suka biyo baya kamar a mafarki nake tuna su. Wata ce take ba da waƙa, gajimare yana zaune a kan dutse ya ƙi tashi. In na waiga sai in hango Mama can baya ita kaɗai, leɓɓanta suna motsi, sauti ba ya fita. A gida ba ta ce mini komai ba. Tana zuba mini tuwo kamar kullum, har da ɗan naman da ta saba ɓoye mini a ƙasan miya. Kasuwa ma ta rage zuwa, ni na koma zaman rumfa.

A nan Goggo ta tare ni. Ta ce ke 'yar fasto, don haka take tsokanata, ina uwarki, ko zafin ne ya kwantar da ita? Ni kuwa da ƙarfin halina na ce mata ai ita ta fi kowa sani, tunda ita ce mai ba ta haƙuri a kan komawa al'ada. Ta dube ni, ta sa na maimaita. Sai ta fashe da dariya har mayafinta ya zame, tana dukan cinya, tana kiran maƙwabciyarta ta zo ta ga shashashar da ta haddace littafi guda amma ba ta san abin da ke zuwar mata duk wata ba. Ta jawo kunnena ta faɗa mini ma'anar kalmar. Ashe a Hausa jinin wata ma al'ada ake ce masa. Da na gaya mata maganar bencin baya, dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila. Ta yi salati, ta rufe kwalaben mai, ta gyara mayafi, ta ce in wuce gaba in nuna mata gidan faston namu, yau sai ta koya wa Kirista Hausa.

Matar fasto ce ta karɓe mu. Goggo ta zayyana mata komai ba kunya: mace in ta haura arba'in jinin sai ya fara wasa da ita, ya zo ya ƙi zuwa, zafi ya taso daga ƙirji kamar an buɗe murhu, barci ya gudu, mantuwa ta shigo, zuciya ta riƙa bugu ba dalili, har ranar da zai ɗauke gaba ɗaya. Saiwoyin ma ita ta ba Mama, na sanyaya jiki ne. Matar fasto ta rufe baki da hannu. Can ta ce a hankali, ai ita ma shekara biyu ke nan tana wannan fama, ta zaci ita kaɗai ce. Ita ta yi wa mijinta magana. Lahadi mai zuwa aka sanar cewa an ɗage horon, wai rashin fahimtar Hausa ne aka samu. Ba a ƙara ko kalma ba. Dattawa duka suna duban takalmansu.

Washegari da sassafe na durƙusa a gaban Mama ina kuka. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ƙwarya ta miƙo mini ta ce mu tafi. A rafi ta zauna a kan dutse, ciyawa duk raɓa, ta ce in zuba mata ruwa a baya. Ina zubawa tana sauke numfashi. Ta ce tun ranar farko ta san ni ce, don ta ga ƙafata a bayan buhu. Ta ce gara ta tsufa a bencin baya da ta ambaci jini a gaban yayan mijinta. Abin da ya fi tsaya mini, ta ce duk watannin nan tana zaton mutuwa ce ko hauka ke zuwar mata, ta so ta gaya mini, amma duk lokacin da ta ɗago sai ta tarar ina kallonta da idon alƙali. Sannan ta watso mini ruwa a fuska ta ce, gobe in na tsinci wata kalmar a kasuwa, in fara kawo ta gida a wanke kafin in kai coci.

Ta koma ba da waƙa, amma ba kullum ba, kuma muryar ba ta ƙara hawa inda take hawa da ba. Ban sani ba ko shekaru ne, ko bencin nan ne ya ci wani abu. Yanzu a bayanta nake tsayawa. In baiti ya ɓace mata sai in raɗa mata farkonsa, ta ɗauka ta tafi, ba wanda yake lura.

Abin da na koya shi ne, na san ayoyi da yawa amma ban san in ce Mama me ke damunki ba. 'Yan'uwana 'yan mata, in kun ga uwarku tana zufa cikin sanyi, tana mantuwa, tana faɗa ba dalili, ba maita ba ce, ba tsafi ba ne, ba kuma ta daina son ku ba ne. Ku matsa kusa ku tambaye ta. In jinin ya yi yawa ko ya ƙi tsayawa, ku raka ta asibiti, kada kunya ta hana. Ni yanzu duk tsohuwar da ta sake mini fuska sai na tambaye ta yadda nata ya zo, kuma ba biyu da suka ba ni labari iri ɗaya. Ku iyayenmu masu karanta wannan, yaya naku ya fara, wa kuka gaya wa? Kuma a yarenku me kuke ce masa? Ku rubuto mu ji, don ni dai ba na so wata kalma ta sake yi mini irin wannan.