Sunan Da Malam Nata'ala Bai Taɓa Kira Ba

Wanda ya saba ganin Malam Nata'ala a bakin ruwa, in ya gamu da shi ranar kasuwar Yankara sai ya wuce shi bai gane ba. A ruwa guntun wando ne da tsohuwar singileti, taɓo har gwiwa, komar kamun kifi a hannu, yana bin tarwaɗa cikin ciyawa. Da ya koma gida Daudawa kuwa sai wanka da sabulu har sau biyu, ya zura farar shaddar da ya goge da kansa da dutsen gawayi, ya karya hula gefe guda, ya shafa turare har bayan kunne. Abokansa Alhajin Tarwaɗa suke ce masa. Ko a jikinsa. Cewa yake kifi ne ke da ƙarni, ba masunci ba.

Shekara ashirin da bakwai suka yi da matarsa Adama, ita ce kuma ta kafa wa gidan al'adarsa. Duk macen da ta haihu a dangi, Malam ya kamo tarwaɗa, ita ta banda ta, ta daka yaji da citta da kanumfari da masoro, a dinga yi wa mai jego farfesu har ta yi arba'in. Wasu gidajen ƙauri suke kaiwa, su kifi ne nasu, kuma ba a taɓa jin wadda ta raina ba.

Bara waccan Adama ta rasu. Bana 'yarsu ta fari, Barakatu, wadda ke aure a Kankara, ta haifi ɗanta na farko. Da uwarta na raye da gida za ta dawo wanka. To, babu uwa, sai uwar miji ta riƙe ta can.

Gide, ƙanen Malam, ne ya kawo labarin. Malam yana ɗinkin koma a zaure, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da ɗinki. Haka ya kamata uban 'yar fari ya yi, shi kuwa Malam ya kai kunya inda ta wuce ta kowa. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakinsa bai taɓa furta shi ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "waccan". Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Lokacin da ta yi ƙyanda tana ƙarama, bayan ɗaki ya dinga tsayawa yana sauraron numfashinta, wai shi yana gyaran danga. Yana sonta kamar ransa, kowa a gidan ya sani, ba kuma wanda ya isa ya faɗa.

Washegari da sassafe ya shiga ruwa. Kwana uku yana zaɓe, ƙananan ya mayar, har ya haɗa manyan tarwaɗa tara. Da kansa ya banda su, hayaƙi na sa shi hawaye, ko dai hayaƙin ya samu abin fakewa. Yajin ne ya ba shi wuya, don bai san awon Adama ba. Ya daka, ya ɗanɗana, ya ƙara citta, ya sake ɗanɗanawa, har harshensa ya daina jin komai.

Gide ya ce a ba shi ya kai ranar suna. Malam ya ce a'a, shi ma yana da wata 'yar buƙata a Kankara, sai ya biya ya ajiye a ƙofa. Gide ya danne dariya, don ya san yayansa ba shi da ko kaza a Kankara. Ya dai yi masa kwatance: su Barakatu sun tashi daga tsohon gida, sun koma bayan makarantar firamare, gida mai jan ƙyaure.

Ana jibi suna ya ci ado ya ɗauki hanya da wuri, don ba hanyar da mutum zai so yamma ta yi masa a kai ba ce. Ya ƙi yarda a sa kwalin kifin a but ɗin mota, a cinya ya riƙe shi. Kafin su wuce Yargoje duk motar ta ɗauki ƙamshin banda, turarensa ya sha kashi, wata mata a baya har tana tambaya ko na sayarwa ne.

Ya sami bayan makarantar ba wuya. Sai dai gidaje huɗu ne a jere, kowanne da jan ƙyaure. Ya ciro waya zai kira Gide, babu sabis. Layin shiru, maza sun fita, yara suna aji. Wata tsohuwa ce kaɗai zaune gindin katanga tana ɓarar gyaɗa.

Ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, gidan da aka haihu nike biɗa."

"Mi ka ce?" Ta karkato kunne. Ashe ba ta ji sosai.

Ya maimaita da ƙarfi. Ta ce ai gida biyu aka haihu a layin nan satin nan. Wane daga ciki?

"Gidan wani malamin makaranta."

"Duk malamai ne, ɗan nan. Mi sunan maigidan?"

Malam ya kauce wa tambayar. Sunan suruki ma ai ba abin kamawa ba ne. Ya ce wani dogo ne, mai ɗan saje.

"To matar fa? Mi sunanta?"

"Ɗiyar mutanen Daudawa ce."

"Ɗiyar wa? Ni ban san garin kowa ba. Suna za ka faɗa mani, ko kau ka koma inda ka fito."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya dubi ƙyauren nan huɗu. Namiji baƙo ba ya faɗawa gidan matan aure, kuma ba zai bi ƙofa-ƙofa yana sallama da kwalin kifi kamar ɗan talla ba. Ya yi tunanin ya juya, ya bar wa Gide ya kawo jibi. Sai ya tuna yarinyar nan kwana biyar ke nan da haihuwa, ba uwa, ba kuma wanda ya leƙo ta daga gidansu.

Ya sunkuya, ya faɗa can ƙasa-ƙasa, kamar mai jin tsoron kada sunan ya fashe.

"Ɗaga murya, bawan Allah!"

Malam Nata'ala ya ajiye kwalin, ya miƙe, ya rufe ido.

"Barakatu!"

Tsohuwar ta buɗe baki za ta yi magana, amma aka riga ta. Daga bayan katangar da take jingine, an ji kwano ya faɗi. Sai wata murya ta ce:

"Na'am, Baba."