Neman Sunan Inabi a Bakin Sabiyawa

Najma, 5:20 na asuba

Na fito daga ɗakinmu na unguwar Najma ko shayi ban tsaya sha ba. Karatun ilimin harsuna ya kawo ni Doha, bincikena kuwa a kan sunayen inabi ne a harsunan Silabawa, wato dangin Rashawa da Sabiyawa. Korona ta soke tafiyata Sabiya, shekara biyu ina ta fama da littattafai ban ji kalmomin daga bakin masu su ba. Gasar cin kofin duniya ta kawo mini Sabiyawa har gida, amma na yi ta jan ƙafa har aka fitar da ƙungiyarsu. Ranar nan za su fara watsewa.

Al Asmakh, 6:05

Tasi ya sauke ni a wani masauki a unguwar Al Asmakh inda aka ce suna nan. Mai gadi, Bahaushen Kumasi, ya ce bas ta kwashe su minti ashirin da suka wuce. "Maza, ɗan'uwa, bi su filin jirgi." Na sayi inabi na riyal takwas a kanti, na ruga tashar jirgin ƙasa.

Filin jirgi, 7:10

Mutum uku suka ƙi saurarata, haushin wasa bai sake su ba. Na huɗu dattijo ne da 'yarsa mai jin Turanci. Ta ce minti goma suke da shi.

Na ɗaga inabin, na kunna rikoda. Ya ce grožđe. Ta bayyana cewa komai yawansa tilo nahawunsu yake ɗaukarsa, na ce kamar geronmu ke nan. Kai guda da aka tsinko daga reshe kuma grozd. Sai na kawo vinograd, wadda Rashawa ke kiran 'ya'yan da ita. Ya girgiza kai: a wurinsu gonar ce. Na gaya musu vino ruwan inabi ne, grad kuwa asalinsa wurin da aka kewaye da shinge.

Da ta fassara masa, dattijon ya yi shiru. Can ya yi magana a hankali.

"Ƙaninsa ne mai kula da gonar mahaifinsu," in ji ta. "Korona ta ɗauke shi. Tun daga lokacin, Baba bai sake taka ta ba. Ya ce shingen ma ya faɗi."

Na miƙa masa inabin. Ya tsinki ɗaya ya ci, ya ce nasu ya fi zaƙi nesa ba kusa ba. Aka kira jirginsu.

Najma, 9:30

Na iso lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa mai gadin nan da baƙin da ban ko tambayi sunansu ba. Da na zauna gyara sautin, na tarar da shirun dattijon ya kai daƙiƙa goma sha ɗaya. Ban yanke shi ba.