Gorar Robar Da Na Tattake

A lokacin da abin nan ya faru ni ne babba a gandunmu, a wani ƙauye tsakanin Makoda da Ɗanbatta. Mahaifinmu ya rasu ya bar min gida da gonaki da ƙanne, kuma ina jin kaina ƙwarai. Mutum ne ni mai kaifin baki, abin da na raina sai na mayar da shi abin dariya a majalisa. Ban taɓa kwanciya a asibiti ba, don haka a wajena duk wanda ya ce ya gaji lalaci ne ke damunsa. Na rubuto muku ne don abin da na yi wa ƙanina ya ƙi barina, ko wani zai karanta ya tsira daga irinsa.

Ƙanin nan nawa shi ne ƙarfin gidanmu. In aka yi gayya aka jera garemani, shi ke fara kai ƙarshen gona, ya juyo ya taya na baya. A shekarar da cutar numfashin nan ta game duniya ta kama shi, ta yi masa mugun kamu. Ya yi makonni a asibiti a Kano da robar iska a hanci. Da aka sallamo shi ya dawo a rame, daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Kafin sallama an haɗa shi da wata likitar gashi, irin masu koya wa jiki komawa aiki bayan ciwo. Ta ce masa huhunsa ya jigata, sai an lallaɓa shi. Ta koya masa ya zuba ruwa rabi a gorar roba, ya sa siririn bututu ya riƙa hurawa a hankali ruwan na ɓulɓula, safe da yamma. Ta ce ya riƙa ɗan tattaki kullum yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, in ya ji ba ya iya magana yana tafiya to ya zauna. Garma kuwa ta ce kada ya taɓa ta sai ta duba shi ta ba shi izini.

Ni da na gan shi zaune a gindin darbejiya yana hura gora, haushi ya kama ni. Na ce masa ƙato da gemu, mai 'ya'ya uku, ya koma wasan yara. Na kai maganar majalisa, na kwaikwayi yadda yake kumbura kumatu, aka yi ta dariya. Daga nan ya daina yi a waje, ya koma yi a ɗaki a ɓoye. Matarsa ta aiko a roƙe ni in ƙyale shi, na ce ita ke shagwaɓa shi. Innarmu ma ta yi min magana, na ce mata ai ya warke, ba ga shi yana cin tuwo yana zuwa masallaci ba.

Da damina ta kankama surukina ya kira gayyar huɗa. A wajenmu in surukinka ya kira gayya ba ka zuwa kai kaɗai, da mazan gidanku kake zuwa, kuma ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Shekara da shekaru gidanmu ke jan gaba a gonar nan saboda ƙanina, kuma ban so a ce bana mun gaza. Da safe na shiga ɗakinsa na tarar yana hura gorar. Na ce ya tashi ya ɗauki garma. Ya ce min cikin ladabi likita ba ta ba shi izini ba tukuna, saura mako biyu ya koma ta duba shi. Raina ya ɓaci. Na fizge gorar na jefar a tsakar gida, na tattake ta da ƙafa a gaban matarsa da 'ya'yansa, na ce ni ne babba a gidan nan ba wata likita ba. Ya sa hularsa ya biyo ni.

A gona mai ganga ya hango shi ya hau kiransa da kirarinsa na da. Na ga yadda ya cije ya duƙa. Layin farko ya kai ƙarshe tare da jama'a. A na biyu na ji numfashinsa daga inda nake, yana fita da ƙara. Na ji, wallahi na ji, amma na ɗauke kai don surukina na tsaye yana kallo. A tsakiyar layi na uku ya kife a kan garmarsa. Da muka juyo da shi leɓensa ya canza launi, bakinsa a buɗe yana neman iska ba ta shiga. Aka ɗora shi a babur, na riƙe shi ta baya har bakin titi, muka samu mota.

Ya sake kwanciya a asibiti. Da likitar gashin ta zo ta tambaye shi me ya kai shi gona, ina tsaye a gefen gado ina jiran ya nuna ni. Sai ya ce mata shi ne ya yi gaggawa, ya ga kamar ya ji sauƙi. Ta ce ya rushe aikin watanni, za a koma daga farko, kuma ba ta da tabbacin zai dawo kamar da. Na fita waje na zauna a kan dakali, kunya ta hana ni kallon kowa. Da muka dawo gida na same shi shi kaɗai na nemi gafararsa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ni ma na so in iya. Ƙirjin ne ya ƙi."

Yau damina ta huɗu ke nan bai ja gaban gayya ba. Yana ɗan noma da fartanya da sanyin safiya, yana kiwon tumaki, amma garma ta fi ƙarfinsa. Likita ba ta ce lallai gayyar ce ta jawo ba, ta ce wasu haka ciwon ke barinsu. Ni dai na san abin da na yi, kuma duk ranar da na ji gangar noma sai gabana ya faɗi.

Abin da na koya shi ne tashi daga gadon asibiti daban, warkewa daban, kuma ciwon da ba ya nuna rauni a fata ma ciwo ne. Ku da kuke da iko a kan wani, yayye da masu gida da masu ɗaukar 'yan ƙwadago, in mutum ya tashi daga irin wannan cuta ya ce numfashinsa bai kai ba, ku yarda da shi. Abin da masu gashi suka ɗora shi a kai ku bar shi ya yi, ko da ya yi muku kama da shirme. Ni da hannuna na nemo masa wata gorar, na nemo ta biyu. Har yau in ƙirjin ya yi masa nauyi, a ƙofar gida muke zama, inda kowa ke wucewa, shi da tasa ni da tawa muna hurawa. Waɗanda na koya wa yi masa dariya yanzu ni suke yi wa, kuma ban taɓa ce musu su daina ba.