Bindigar Da Ta Taɓa Ƙasa: Tunawa Da Baba Saiti

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Baba Saiti, bayan gajeriyar jinya. Ina bakin aiki babban ɗanka ya kira ni. Na yi salati, na ajiye waya. Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma muna tafe.

Tun kafin a ɗauke ni aikin 'yan sanda kake kula da ma'ajiyar makamai ta ofishinmu. Har yanzu ina ganin ɗan ɗakin nan naka mai warin man bindiga, da teburin da ka shimfiɗa wa tsohon bargo, da butar shayi a lungu. Mu muka laƙaba maka wannan suna, saboda mitar da kake yi mana a kan saiti, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke bisa bindiga, na gaba da na baya, da mai harbi ke daidaita idonsa da su. Muna faɗa a bayan idonka, ashe kana ji. Daga baya ma da sunan kake amsa waya.

Dokarka ɗaya ce: bindigar da ta taɓa ƙasa ba ta fita aiki sai ta je filin gwaji. Ka san masu ɗamara, wanda bindiga ta suɓuce masa goge ta yake yi ya ja bakinsa, don tsoron horo. Kai kuwa ka ce duk wanda ya zo ya faɗa da bakinsa, ba faɗa, ba kai ƙara, kofin shayi ma zai sha. Shayinka bai taɓa yin daɗi ba, Baba, yau dai na faɗa. Amma mun sha.

Wata safiya maɗaurin ɗamarata ya tsinke a kan matakala, ƙaramar bindigata ta bugi siminti. Na ɗauka na jujjuya ta, ban ga ko ƙwarzane ba. Motar sintiri tana jirana, direba sai danna oda yake yi. Na leƙo ɗakinka a tsaitsaye na faɗa maka, na ƙara da cewa lafiyarta lau. Ka miƙo hannu, ka ce mota ta tafi.

"'Yata, sau da yawa ba abin da faɗuwa ke yi wa saiti. Amma ni ban san gaibu ba, ke ma ba ki sani ba. Allo ne zai gaya mana."

Na bi ka fili ina kumbure-kumbure. Ka harba, na harba, harsasan duka suka taru taƙi guda hagu da tsakiyar allon. Ƙarfen baya ya gusa kamar kaurin tsinken tsintsiya. Ka mayar da shi da 'yar gudumarka ta tagulla, muka sake gwadawa har ka gamsu, sannan ka ɗura mini shayin nan.

A makon ne aka kira mu bakin tashar mota. Mahaukacin kare ya kayar da wata mata, ya kama ƙafarta ya ƙi saki, ga jaririya goye a bayanta tana tsala ihu. An buga masa sanda, ko gezau. Ni ce kusa. Da na ɗaga bindiga, kan jaririyar yana hagu da kafaɗar karen, tsakaninsu bai fi taƙi ba. Na harba sau ɗaya, karen ya faɗi. Aka tafi da matar asibiti.

Aka yi ta yaba mini, har da ƙarin girma. Na zo na ce maka yabon naka ne, ka ce in daina surutu in miƙo bindigar ka goge. Matar dai na gaya mata gaskiya tun tana gadon asibiti, kuma ba ta manta ba.

Jiya ta zo gidanka gaisuwa, tana ɗingishinta, tare da yarinyar, wadda bana take gama sakandare. Yarinyar ta tsaya gaban hotonka a falo, ta tambaye ni ko kai ne ka harbe karen.

Na ce, "A'a, ni ce na harba. Shi ne ya sa ban same ki ba."

Na gode, Baba. Na gode da motar da ka sa ta tafi ta bar ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga Mama, uwargidanka, da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ya bari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.