Yadda Na Ƙona Masarar Inna da Takin Bature

Malam Edita, kafin wani ya riga ni faɗa, wawan labarin nan ni ne. Zamanin Turawa ne, ina saurayi a Gazara. Aji biyu na yi a elementare aka ce in huta haka nan, amma a unguwarmu ni ne shehin boko, duk da sai na juya wasiƙa sau biyu nake gane samanta. Mahaifinmu ya rasu, abin da ke tsare mu daga yunwar damina kafin gero ya nuna shi ne 'yar masarar da Inna ke shukawa a bayan gida. Shekarar kuwa sabon ganyenta ya fito rawaya, kara siriri kamar tsinke.

Sai ga malamin gona a kan keke daga Zariya, da wani farin taki mai kama da gishiri. Ya ce akwai farar wuta a ciki, irin ta albarushin maharba, kuma ita ƙasarmu ta rasa. Ya ce murfin kwalba ɗaya kowane gindi, a tona nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, a binne. Maƙwabcinmu, wanda bai san ko baƙi ɗaya ba, ya yi yadda aka ce. Ni kuwa na yi lissafin masana: in murfi ɗaya zai kawo goyo ɗaya, cikin hannu ai goyo biyar ne. Inna ta ce in bi a hankali, na ce ta bar wa masu karatu aikinsu. Na tula shi a jikin kara, ruwa kuma ya ɗauke. Kafin Juma'a ganye ya nannaɗe kamar an babbaka shi. Ta maƙwabci ta yi kore shar, goyo kamar damtsen ɗan dambe. Mu muka koma kwaɗon rama da tafasa, ƙannena na kallon hayaƙin gasa masara ta saman danga.

Takin nan gaskiya ne, har yau ina sa shi, da murfin kwalba. Samari, in an ba ku ma'auni ku riƙe shi, musamman in abincin wasu ne a hannunku. Ni ban koyi haka nan take ba. Ranar da masarar ta ƙone ma zama na yi ina yi wa Inna bayanin farar wuta da laifin ruwan da bai zo ba. Ta bari na kai aya, ta turo mini akushi ba komai a ciki.

"To malam, zuba mana bayanin a nan, yara na jira."